Kafin buhu ya zame: Lissafin gogayya da sakacin da muke yi da shi

Duk wanda ya taɓa tura buhun hatsi a kan daɓen siminti ya san cewa farkon turawar ne mai wuya. Za ka sa ƙarfi, buhu ya yi biris da kai. Ka ƙara, ya ƙi motsi. Sai ka kai wani matsayi ya saki, daga nan kuma ci gaba da tura shi ya fi sauƙi. Ɗan dako ya san haka, mai kura ya sani, uwargida mai gyaran ɗaki ma ta sani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan taurin kai na buhu yana da lamba, ana iya auna ta da falanki da rula, kuma rayukan mutane da dama a kan hanyoyinmu sun rataya a kan wannan lamba.

A wannan makon filin namu zai leƙa ajin fiziks na babbar sakandare, inda ake koyar da darasin gogayya. Ra'ayina a kansa shi ne, yana cikin darussan da suka fi sauƙin gwadawa da hannu, yana kuma cikin waɗanda suka fi amfani bayan an bar makaranta, amma mun mayar da shi baƙaƙe huɗu da ɗalibi zai haddace daren jarrabawa ya manta washegari. Bari mu fara da lissafin kansa, domin mai karatu ya yi alƙalanci da hujja a hannu.

Gogayya iri biyu

Idan fuskoki biyu suka haɗu, kamar gindin buhu da daɓe, akwai wani ƙarfi da ke hana ɗaya zamewa a kan ɗaya. Shi ake kira gogayya. Masana sun kasa ta gida biyu. Akwai wadda ke aiki tun abu bai motsa ba, ita ce za mu kira gogayyar tirjiya. Akwai kuma wadda ke aiki bayan abu ya fara zamewa, wato gogayyar zamiya. A galibin abubuwa ta farko ta fi ta biyu ƙarfi, shi ya sa tayar da buhu ya fi tafiyar da shi wuya.

Gogayyar tirjiya tana da wata ɗabi'a da ɗalibai kan kasa kamawa. Ba ta da adadi guda tsayayye. Gwargwadon turawarka, gwargwadon tirjiyarta. Ka tura kaɗan, ta mayar maka da kaɗan. Ka ƙara, ta ƙara, har ta kai iyakarta. Da zarar turawarka ta zarce wannan iyaka, abu ya motsa. Saboda haka abin da ake lissafawa shi ne iyakar, wato mafi girman ƙarfin da gogayya za ta iya bayarwa kafin ta saki.

Iyakar ta dogara da abubuwa biyu. Na ɗaya shi ne danni, wato ƙarfin da ke matse fuskokin biyu da juna. A kan daɓe miƙaƙƙe, idan babu wanda ke danna abin ko ɗaga shi, dannin daidai yake da nauyinsa. Na biyu shi ne irin fuskokin: katako a kan katako daban, roba a kan kwalta daban, gilashi a kan gilashi daban. Wannan na biyun ne ake taƙaitawa da lamba guda, ma'aunin gogayyar tirjiya, wanda littattafai ke rubutawa da harafin Girkanci μ, ana furta shi miyu. A litattafan makarantunmu ana rubuta ƙa'idar haka: F = μR. F ita ce iyakar gogayya, R shi ne danni. Idan aka juya ta, μ shi ne F a raba da R.

Ga misali. Buhu mai kilo 50 yana kan daɓe. Kilo awo ne na yawan abu, shi kuwa ƙarfi da niyuton ake auna shi. Ƙasa tana jan kowane kilo guda da ƙarfin kimanin niyuton 9.8, a lissafin aji akan mayar da shi 10. Ke nan nauyin buhun niyuton 500 ne, dannin ma haka. A ce an ɗaura masa sikelin rataye, ana ja a miƙe sannu a hankali, sai ya fara motsi lokacin da ƙarfin ya kai niyuton 300. A raba 300 da 500, an sami 0.6. Shi ne ma'aunin tirjiya tsakanin wannan buhu da wannan daɓe. Lambar ba ta da wani suna a bayanta, ba kilo ba ce, ba niyuton ba ce, domin ƙarfi aka raba da ƙarfi.

Yanzu ga tarkon da masu shirya jarrabawa ke so. Idan aka tura wannan buhu da niyuton 100 kacal, nawa ce gogayyar? Wanda ya yi hadda zai ce 300. Amsar ita ce 100. Da a ce daɓe zai mayar da 300 alhali 100 aka tura, da buhun ya taso ya bi mai turawar da baya, abin da ba wanda ya taɓa gani.

Awon falanki

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta bukatar sikeli ko sanin nauyin komai. A sami falanki mai tsawon mita guda. A ɗora abin da ake son gwadawa a kansa, ko bulo, ko takalmi, ko guntun taya. A bar gefe ɗaya a ƙasa, a riƙa ɗaga ɗaya gefen a hankali. Daidai lokacin da abin ya fara zamewa, a tsaya. A auna tsayin bakin falankin daga ƙasa. Sannan a auna shimfiɗa, wato tazarar da ke ƙasa daga gindin falankin zuwa wurin da ke daidai ƙarƙashin bakinsa. A raba tsayi da shimfiɗa. Abin da ya fito shi ne μ.

Dalilin haka a fili yake. A kan gangara nauyin abu yakan kasu biyu: wani kaso yana jan sa ƙasa ta bin gangarar, wani kason yana danna shi a jikin falankin. A ce tsayin ya kai santimita 60, shimfiɗar kuma 80, falankin 100. Idan nauyin abin niyuton 10 ne, to 6 ke jan sa ta gangara, 8 ke danna shi. A lokacin da zai saki, iyakar gogayya ta yi daidai da 6. A raba 6 da 8, an sami 0.75, daidai da raba 60 da 80. Idan aka ninka nauyin, kason ja zai zama 12, na danni 16, amsar tana nan 0.75. Nauyi ya fita daga lissafin gaba ɗaya. Ga wanda ya yi lissafin kusurwoyi, wannan shi ne abin da maɓallin tan na kwalkuleta yake bayarwa: kusurwar digiri 30 tana ba da kimanin 0.58, ta digiri 45 tana ba da 1 cif.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raba tsayi da tsawon falankin maimakon shimfiɗa. Mai yin haka zai sami 0.6 a inda amsa take 0.75. Akwai kuma ƙa'idojin aiki da ya kamata a kiyaye. A zaɓi abin da ba zai mirgina ko ya kife ba. A share ƙura, musamman a lokacin hunturu, domin ƙura kan sauya sakamako. A maimaita gwajin sau biyar, a tara amsoshin a raba da biyar. Ɗalibi zai ga cewa amsoshin ba za su zo daidai da juna ba, kuma wannan ma darasi ne babba: awo na gaskiya yana zuwa da ɗan saɓani, aikin mai ilimi shi ne ya san girman saɓanin.

Wani misali zai nuna yadda danni ke sauya komai. Mu koma ga buhunmu mai nauyin niyuton 500 da ma'auni 0.6. Idan aka ɗaura masa igiya aka ja ta sama-sama a kusurwar digiri 30, jan yana ɗan ɗaga buhun, danni ya ragu, sai ya motsa da kimanin niyuton 257. Idan kuwa aka tsaya a bayansa ana tura shi ƙasa-ƙasa a wannan kusurwa, turawar tana ƙara danna shi, sai an kai kimanin niyuton 530 kafin ya gusa. Buhu ɗaya, daɓe ɗaya, amma mai turawa ya sha wahala ninkin ta mai ja, har da ɗoriya.

Daga ina aka samo ƙa'idar?

Tun kafin a san lissafin, mutane sun daɗe suna fama da matsalar. A wani kabari da ke Deir el-Bersha a ƙasar Masar, na wani gwamna mai suna Djehutihotep, akwai zane mai kimanin shekara 3,900 da ke nuna jerin mutane suna jan wani ƙaton mutum-mutumi a kan abin ja na katako, wani kuma yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka gwada abin, suka gano cewa yashin da aka jiƙa daidai gwargwado yana iya rage ƙarfin da ake bukata da kusan rabi, saboda ba ya taruwa a gaban abin da ake ja.

Mutum na farko da aka sani ya rubuta dokokin gogayya shi ne Leonardo da Vinci, ɗan Italiya. Farfesa Ian Hutchings na Jami'ar Cambridge ya nuna a 2016 cewa rubutunsa na farko a kan haka yana cikin wani ƙaramin littafin ajiye tunani na 1493, wanda ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Leonardo ya ƙiyasta cewa gogayya kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyi. Bai wallafa ba, don haka aikin ya kwanta kusan shekara 200, har sai da Bafaranshe Guillaume Amontons ya sake gano dokokin ya gabatar da su a 1699, shi kuma ya sami kimanin kashi ɗaya cikin uku. A tsakiyar ƙarni na 18 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya bambanta gogayyar tirjiya da ta zamiya, ya kuma yi amfani da lissafin gangara irin wanda muka yi a sama. Daga nan Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya yi jerin gwaje-gwaje da katako da ƙarfe a tashar ƙera jiragen ruwa ta Rochefort, aikin da ya ci masa kyautar Cibiyar Kimiyya ta Faransa a 1781. Cikin abubuwan da ya lura da su har da cewa abu yakan ƙara tirjiya idan ya daɗe a ajiye wuri guda.

Ɗaya daga cikin dokokin Amontons tana da wuyar haɗiya: faɗin fuskar da ta taɓa ƙasa bai shiga lissafi ba. Ka kwantar da bulo a kan faɗinsa, ko ka tsayar da shi a kan gefensa, kusan a kusurwa ɗaya zai zame. An ɗauki lokaci mai tsawo kafin a fahimci dalili. Frank Philip Bowden da David Tabor na Cambridge, a littafin da suka fitar a 1950, sun bayyana cewa babu fuskar da take sumul idan aka duba ta da madubin ƙara girma. Tudu da kwari ne, kuma kawunan tuddan kaɗai ke haɗuwa. Idan aka ƙara danni, kawunan sukan lotsa, wurin haɗuwa na haƙiƙa ya ƙaru. Ke nan danni ne ke yanke hukunci, faɗin da ido ke gani bai da ta cewa sosai.

Ya kamata a faɗa wa ɗalibi cewa F = μR ƙiyasi ne mai kyau da aka samo daga gwaji, yana kuma da inda yake gazawa. Roba, alal misali, ba ta bin sa sau da ƙafa. Lambar ma tana iya wuce 1, kamar a tayoyin motocin tsere. Sannan μ na fuskoki biyu ne tare, ba a cewa ma'aunin katako kaza ne sai an faɗi a kan me. Jadawalan litattafai kan ba da kimanin 0.74 ga busasshen ƙarfe a kan ƙarfe, 0.25 zuwa 0.5 ga katako a kan katako, 0.1 ga ƙanƙara a kan ƙanƙara, 0.04 ga sinadarin Teflon da ake shafe tukwanen da abinci ba ya kama su, da kimanin 0.01 ga gaɓoɓin jikin ɗan Adam. Abin lura a tarihin nan shi ne kayan aikin waɗannan mutane: katako, igiya, duwatsun awo da haƙuri. Babu ɗaya daga ciki da ya gagari makarantar ƙauye.

Inda lamba ke zama rai

A tashoshin manyan motoci akan ji ana cewa kaya mai nauyi shi ke riƙe kansa, ba ya bukatar ɗauri. Mu sa wannan magana a sikeli. A ce an ɗora kaya mai tan 10 a bayan tirela, ma'aunin tirjiya tsakaninsa da bayan motar kuma 0.4 ne. Nauyinsa niyuton 100,000 ne, iyakar gogayya 40,000. Direba ya taka birki da ƙarfi, motar tana rage gudun mita 6 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Kafin kayan ya rage gudu tare da motar, sai an riƙe shi da niyuton 60,000. Gogayya ta bayar da 40,000, saura 20,000, daidai da nauyin tan 2. Idan babu sarƙa ko igiyar da za ta ɗauki wannan saura, kayan zai zarce gaba, wajen kan motar da direba yake zaune. A mayar da kayan tan 20, gogayya ta ninka, ƙarfin da ake bukata ma ya ninka, giɓin ya zama tan 4. Nauyi bai ceci kowa ba, ya dai ƙara girman ɓarnar.

Wannan lissafi ne ya sa ƙa'idar ɗaure kaya ta ƙasashen Turai ta tanadi cewa dole ɗaurin ya jure ƙarfin da ya kai 0.8 na nauyin kaya ta gaba, da 0.5 ta gefe da ta baya. Ɗaurin da ya bi ta saman kaya ya matse shi yana ƙara danni, shimfiɗar roba a ƙarƙashinsa kuma tana ɗaga μ zuwa wajen 0.6. Mu kuma a nan, ganin kwantena a kan tirela ba tare da an kulle ta ba ya zama ruwan dare. A watan Janairun 2023 wata kwantena ta faɗo daga kan babbar mota a gadar Ojuelegba da ke Legas ta danne motar fasinja, mutum tara suka rasu. A hanyoyin Arewa kuwa kowa ya saba ganin mutane zaune a saman buhuna ko a kan katakon motar shanu, ba abin da ke riƙe da su sai gogayyar da ke tsakanin wandonsu da abin da suka zauna a kai.

Ita kanta motar, gogayyar tirjiya ce ke riƙe ta a hanya. Taya mai juyawa yadda ya kamata, ɓangarenta da ke taɓa kwalta ba ya zamewa, saboda haka tirjiya ce ke aiki. Idan aka taka birki har tayar ta daskare ta fara jan ƙasa, an koma gogayyar zamiya wadda ta fi rauni, sitiyari ma ya daina jin magana. Aikin na'urar ABS ke nan, ta riƙa saki tana kamawa don kada tayar ta daskare.

Tazarar tsayawa ana samun ta ne idan aka ninka gudu da kansa, aka raba da ninki biyu na μ sau 10. A ɗauki 0.8 ga taya mai kyau a busasshiyar kwalta, da 0.4 ga kwaltar da ruwa ya jiƙa. Mota mai gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, tana bukatar mita 25 a busasshiyar hanya, mita 50 a jiƙaƙƙiya. Idan gudun ya kai kilomita 108 a awa, tazarar ta zama mita 56 a bushe, fiye da mita 112 a jiƙe. Wannan kuma ban da tafiyar da motar za ta yi kafin ƙafar direba ta kai ga birki. An ƙara rabin gudu ne kawai, amma tazarar ta ninka har da ɗori. Haka abin yake a kwana. Kwanar da ke da nisan mita 50 daga tsakiyar da'irarta za ta ɗauki gudun kilomita 72 a awa idan hanya a bushe take, amma da ruwa ya sauka iyakar ta dawo kimanin 51. Ruwan farkon damina ya fi haɗari, saboda yana haɗuwa da ƙura da man da suka taru a kan kwalta tsawon rani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Dalilan suna da yawa, daga ramuka zuwa barcin direba. Sai dai kowane haɗari da ya ƙunshi gazawar tsayawa, ko ƙwacewa a kwana, ko zubewar kaya, ƙarshensa yana komawa ga wannan lamba.

A gida ma tana nan. Ƙa'idar jingina tsani ita ce a janye gindinsa taku ɗaya daga bango ga kowane taku huɗu na tsayi. A haka, mutumin da ya hau can sama yana bukatar μ na kimanin 0.25 a gindin tsanin. Busasshen siminti zai bayar da fiye da haka, jiƙaƙƙen tayil kuwa yana iya gazawa. Busasshen yashi idan aka tsiba shi ba ya wuce gangarar kimanin digiri 34, kamar yadda ake gani a bayan tuddan yashin Sahara. Bangon ramin haƙar yashi da aka yanka a miƙe danshi ne kawai ke riƙe da shi na ɗan lokaci, kuma yara da leburori ne ke shiga ƙarƙashinsa.

Uzurin da ba ya karɓuwa

Idan aka tambayi dalilin da ya sa ɗalibai ke gama sakandare ba su taɓa auna komai da hannunsu ba, amsar da aka saba ji ita ce babu ɗakin gwaje-gwaje. Gaskiya ne makarantu da dama ba su da shi, kuma wajibi ne gwamnatoci su samar. Amma wannan uzuri bai shafi darasin gogayya ba. Murfin benci, rula, bulo da silifas sun wadatar. Hukumomin WAEC da NECO suna da takardar gwaji na aikace a fiziks, kuma abin da takardar ke nema shi ne iya awo, cika jadawali, zana layi da fitar da gangararsa. Ɗalibin da ya ja katako da sikelin rataye, yana ƙara masa nauyi yana rubuta ƙarfin da ya motsa shi, sannan ya zana F a kan R ya ga layin ya miƙe, ya riga ya koyi duk wannan. Gangarar layin nasa ita ce μ.

Malami zai iya cewa aji ya cika, manhaja tana da tsawo, lokaci kaɗan ne. Ƙorafi ne na gaskiya. Sai dai awon falanki ba ya cin fiye da darasi guda, kuma ana iya raba aji rukuni-rukuni a fita tsakar makaranta. A ba kowane rukuni abu daban: wannan sabon takalmi, wancan wanda ya cinye, wannan busasshen tayil, wancan wanda aka watsa wa ruwan sabulu. Gani ya kori ji. Kuma babu laifi a fara bayanin da Hausa har sai yaro ya gane abin da ke faruwa, sannan a ba shi kalmomin Ingilishi da zai rubuta a jarrabawa. Yaron da ya san dalilin da ya sa jan buhu ya fi tura shi sauƙi ba zai manta ma'anar R ba.

Wasu kuma za su ce direban da ya shekara 20 a hanya ya fi kowane malami sanin birki. Ƙwarewa abar girmamawa ce, amma tana koya wa mutum abin da ya saba faruwa ne. Direba zai iya yin tafiya ɗari da kaya ba ɗauri ya sauka lafiya, domin a duk tafiye-tafiyen bai taka birkin da ya zarce iyakar gogayya ba. Kowace sauka lafiya tana ƙara masa yaƙinin cewa nauyi na riƙe kansa. Ranar da yaro ya gifta, ko taya ta fashe, ranar ce iyakar za ta bayyana, kuma a ranar babu damar gyara. Amfanin lissafi shi ne ya nuna iyakar tun ba a kai gare ta ba.

Don haka kirana ga ɓangarori uku ne. Malaman fiziks su mayar da wannan darasi na hannu, ko da a ƙarƙashin bishiya ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, tare da ƙungiyoyin direbobi da masu motocin dakon kaya, su shigar da gwajin falanki cikin wayar da kan da suke yi a tashoshi: a ɗora bulo ɗaya, a ɗaga falanki har ya zame, a sa alama, a ɗaure bulo biyu tare, a sake ɗagawa. Idan direba ya ga da idonsa cewa kusan a wuri ɗaya suka zame, an gama muhawarar nauyi. Magina da masu gidaje kuma su gwada tayil a jiƙe kafin su shimfiɗa shi a banɗaki, matakala ko wurin alwala, inda tsofaffi da masu juna biyu ke takawa kullum.

Ga ɗalibai masu bibiyar wannan fili, ga aikin gida. Ku ɗauki takalmanku biyu, sabo da tsoho, ku auna μ na kowanne a kan falanki ɗaya, sau biyar a bushe, sau biyar a jiƙe. Ku rubuta tsayi da shimfiɗa na kowane gwaji, ku fitar da matsakaicin, ku kai wa malaminku ku tattauna dalilin bambancin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.